Kwari da Masu Ɗinka Shi a Tibirin Gobir

Kafin maharbi ya rataya kwari ya nufi daji, sai kayan sun bi ta hannun mutum huɗu. Maƙeri ya ƙera bakin kibiya ya fitar mata da kunnuwa, majemi ya jeme fata, baduku ya yanka ya ɗinka, shi kuma maharbin ya yanko kyauro a fadama ya miƙar da shi a wuta, sannan ya je bayan gari inda ba idon kowa ya dafa dafinsa. Kakana na wajen uwa shi ne na ukun. Baduku ne a Tibiri, zamanin Sarkin Gobir Agada. Abin da ke ciyar da gidansa kube ne da layu da takalma da kayan doki, amma in ka tambayi mutanen ƙauyukan gulbi, da kwari suka san shi.

Mu a Maraɗi muke zaune, unguwar Mokoyo. Mahaifina awon gyaɗa yake yi wa wani alhaji, a shekarun da gyaɗa ke tashe, kuma shi ya nace sai na shiga lakwal. Da mushe, malaminmu na lakwal, ya sallame mu hutu, uwata sai ta ɗaure mini riga biyu a ɗankwali ta haɗa ni da masu jakuna zuwa Tibiri, wai kada yawon bakin kasuwa ya lalata ni. Haka na yi ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970 ina zaman zauren dukanci rabi, zaman benci rabi. Ban zama baduku ba. Riƙon baki na iya, da jiƙa fata, da zare ƙiri, da gudu zuwa gidan majema.

Wanda bai san tarihin wannan gulbi ba zai yi mamakin yadda ƙaramin gari ke riƙe da mai ɗinkin kwari har bayan samun mulkin kai. Garuruwan nan biyu da yaƙi aka kafa su. Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, Alkalawa, birnin Gobir, ta bi baya a 1808. Sarakunan Katsina da aka kora suka yi ta gararamba kafin Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi. Gobirawa kuwa sai bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobir da Maraɗi, sannan Mayaƙi ya kafa Tibiri kusa da ƴan'uwansa na gudun hijira. Daga nan har zuwan Turawa ba a ajiye makami ba. Mawaƙa sun fi yabon barade da dawakansu, da su Sarki Ɗan Baskore da hare-harensa, amma mafi yawan waɗanda ke fita dakaru ne, manoma da maharba masu tafiya a ƙasa, kowa da bakansa da kwarinsa. Doki na mai sarauta ne ko mai ubangida. Baka kuwa ko talaka yana da shi a rataye a ɗaka. Kakan kakana, in ji tsohon, ga irin waɗannan mutane yake ɗinki, kuma shi bai sauya komai daga yadda ya taras ba.

Aikin yakan fara da awo, kuma ba kwarin ake aunawa ba, mutumin ake aunawa. Maharbi ya zo ya yi sallama, a gaisa, a tambayi gida da daji, sannan Kaka ya ce, "Miƙo hannu in gani." Ya ɗauki kara ya gwada daga hammata zuwa tsintsiyar hannu, ya karɓi kyauro ɗaya marar baki cikin waɗanda mutumin ya zo da su ya jera da karan. Ya tambaye shi kibau nawa yake ɗauka, da wane hannu yake ja. Bahago ta wani gefen ake kafa masa maratayi. Sai ya karya karan daidai tsawon da yake so, ya yi masa tsaga, ya soke a jinkar zaure. Wannan karan shi ne takardar ciniki. Bai taɓa rubuta sunan kowa ba, kuma ban taɓa ganin ya rikita karan wani da na wani ba.

Jikin kwari ba da jemammiyar fata ake yi ba. Ɗanyen ƙirgi ake nema, na bijimi, wajen gadon baya inda ya fi kauri kuma ba ya da raunin ciki. A jiƙa shi a ruwan toka har gashin ya saki, a kankare, a wanke, a kankare ta ciki har sai ba sauran tsoka ko kitse, don abin da aka bari shi ke kiran gara da wari. Yana nan da laushinsa za a naɗe shi a jikin wani gungumen icce da Kaka ke ajiyewa a bayan ƙofa, mai ɗan kauri a sama da ɗan tsukewa a ƙasa, wanda hannu da maiƙo suka mayar baƙi wuluk. Akwai irinsu uku ko huɗu, manya da ƙanana. Nan aikina yake. In riƙe bakin fatar da ƙarfi in haɗe su, shi kuma ya huda da basilla ya zura siririn ƙiri, ya ja da haƙori, ya sake hudawa. Ɗinkin ba ya gaggawa. In na sassauta sai ya buge mini yatsa da ƙotar basilla ba tare da ya ɗago kai ba. "Abokina, riƙe shi kamar na Allah. In ya bushe da baki buɗe, ba mai rufe shi."

Daga nan sai shanya, a inuwa, ba a rana ba. Rana tana busar da waje ta bar ciki, fata ta murɗe ta tsage. A rataye shi a zaure inda iska ke ratsawa, ana juya shi safe da yamma. Da hunturu ba ya daɗewa, da damina kuwa Kaka ba ya ma karɓar aikin. Idan ya bushe sai ya ƙame ya kama iccen gam, a kafa shi a ƙasa a yi ta bugun gindin da muciya har iccen ya zame. Abin da ya rage a hannunka bututu ne mai tauri, mai sauƙin ɗauka, in ka ƙwanƙwasa ya amsa. Masu tandu ma da wannan dabara suke aiki, sai dai su a kan yumɓu suke gini su fasa shi daga baya. Wasu dukawa na ƙauye da ba su da gungumen yashi suke ɗurawa su matse. Kaka yana raina wannan, yana cewa kwarin yashi kullum da ciki yake fitowa. Akwai kuma masu kawo gora, a rarake gaɓoɓinta a sa mata rigar fata kawai. Wannan ya fi araha, amma in doki ya taka ko mutum ya faɗi a kansa, ya tsage ke nan.

Inda ya fi daɗewa shi ne gindi. Kibiyar ƙasarmu ba ta da gashin tsuntsu a wutsiya kamar waɗanda muka gani daga baya a silima. Siririya ce, marar nauyi, kuma ba ƙarfin harbi ke kashewa ba. Dafi ne. Kwankwani ne uwar dafin, ƴaƴansa ake dakawa a dafa da wasu haɗe-haɗe da kowane gida ke ɓoye nasa, har ya yi kauri ya yi baƙi, a shafa a wuyan ƙarfen. In ya shiga jini, zuciya yake tsayarwa. To, bakunan nan ƙasa suke kallo a cikin kwari, suna sukar gindinsa a kowane taku, kuma gindin yana gogar kwiɓin mai shi ko cinyarsa. Don haka Kaka yake yanka faifan ƙirgi uku, ya sa sakaina ko ɓallin icce a tsakani, ya ɗinke su biyu-biyu sannan ya haɗa da jiki, ya bi ɗinkin da wani ɗinkin. A ciki ya cusa tsumma da auduga don bakunan su nutse su yi shiru. Mai saye ba ya ganin ko ɗaya cikin wannan. Ni da nake yaro ado nake so a kai ga yi, ina ƙosawa da wannan ɓata lokaci, shi kuwa yakan yi yini guda a kan abin da bai fi tafin hannu ba.

Murfi ma ba don kyau ba ne. Raɓa da ruwan sama suna jiƙa dafi ya narke ya zube, ko ya yi sanyi ya rage kaifi. Murfin yana zamewa a jikin igiyar maratayi, yadda ko an buɗe da sauri ba zai faɗi ya ɓata ba. Dole ya kama sosai, dole kuma ya buɗu da babban yatsa ɗaya ba tare da ƙara ba. Na sha ganin Kaka ya rufe ido, ya kai kwari kusa da kunne, yana buɗewa yana rufewa.

Doka ɗaya ce a zauren da ba a yi wa kowa sassauci a kanta, ko dattijo ne. Ba a shigowa da kwari da kibau a ciki. In an kawo gyara, tun daga ƙofa zai ɗaga murya: "Baba, juye shi can waje, gindin bedi." Bayan an juye, shi da kansa zai fita ya kifa shi ya bubbuga, ya farke tsohon gindin da wata wuƙa da ba ya taɓa komai da ita sai wannan, ya tsince tsumman da tsinke ya jefa a wuta. Garin dafi na shekaru yana taruwa a wurin, baduku kuwa hannunsa ba ya rabo da yanka da sukar basilla. Ranar irin wannan aiki kora ta yake yi cikin gida wurin kakata, wadda ke tarbata da "Angona, an koro ka?" ta ba ni fura. Ya ce akwai wani baduku a wani gari da ya tsotsi yatsa bayan ya soke kansa yana irin wannan gyara, bai kai la'asar ba. Bai taɓa faɗin garin ba. Na dai lura ba ya ba da labarin da dariya.

Masu sayen iri biyu ne, kuma ba sa son abu ɗaya. Maharba, waɗanda mu a bakinmu mahalba muke ce musu, da yawansu daga kudu suke zuwa, Jiratawa da ƙauyukan da ke bin gulbi har Madarunfa da bakin dajin Baban Rafi. A lokacin wasunsu Anna ne, ba su yi salla ba tukuna, suna da ranakunsu na buɗin daji da abubuwan da suke yankawa kafin a fita. Su ba ruwansu da ja ko kore. Mutum zai zo da fatar abin da ya kashe da hannunsa, gada ko barewa ko mazo, ya ce a lulluɓe kwarin da ita da gashinta. Gashin yana zubar da ruwa, ba ya ƙyalli, ba ya ƙara in ya gogi ƙaya. Ba a shafa masa man shanu ko wani mai da ke da ƙamshi, don nama hancinsa ya fi idonsa. Ba tuntu, ba wuri, ba ƙarfe. Sai ɗan aljihu a gefe na ajiye tsirkiya ta biyu, da layu. Layun a naɗe suke zuwa, wasu rubutun malam, wasu ƙulli ne na saiwa da gashi da abin da Allah kaɗai ya sani. Kaka mai salla ne, ba ya fashin jam'i, amma bai taɓa kwance ƙullin wani ba, bai taɓa tambaya ba. Ya rufe da fata ya ɗinke. Na taɓa tambayarsa me ke ciki, ya ce, "Mi ya kai ka? Ni ɗinki anka kawo mini."

Biyansu ma daban ne. Kuɗi kaɗan ne, ƴan daloli. Sauran kuwa cinyar nama ce bayan wata biyu, ko zuma, ko fatu biyu a bar masa ɗaya. Maharbin da aka ɗinka wa kwari ba ya wuce Tibiri bai leƙo zauren ba.

Ɗaya ɓangaren mutanen fada ne, ƴan baka da ke tafiya a ƙasa gaban sarki ranar hawan salla, a Tibiri ko a Maraɗi wurin Sarki Buzu. Kwarinsu ba ya zuwa daji, ido yake nema. A nan jar akuya ke shigowa. Fatar jar akuyar Maraɗi da ƴar'uwarta ta Sakkwato ba ta da na biyu wajen laushi da ƙarfi da kyan ido. Tun zamanin ayari ake haye Sahara da ita, Turawa suna saye a hannun fataken arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko, suna rufe littattafai da ita. Faransawa da suka gane darajarta sai ma'aikatan dabbobi suka dinga fiɗiye bunsuran da ba ja ba don kada iri ya gauraye, daga baya aka buɗe cibiyar kiwonta a Maraɗi. Ni ake aike gidan majema in karɓo. Warin wurin tun daga nesa yake tarbar mutum: ramukan toka, kwatanniyar kashin kaji da ke sa fata ta saki, sannan ruwan bagaruwa inda take kwana tana shan jima. Ja daga karan dafi ake samu, rawaya daga gangamau, baƙi daga kuloko, ruwan tsatsar ƙarfe da ake jiƙawa da tsami. Kaka yana zana baƙin da tsinke, layi-layi da ƴan kusurwoyi, ya yanka tuntu siri-siri har su kai gwiwa, ya sa ƴan guntayen koren fata a baki da gindi. Kyau kam akwai shi. Amma ko a waɗannan, da kibau marasa dafi za su ɗauka, faifai uku yake sawa a gindi. Wani bafade ya taɓa ce masa ya rage don a rage kuɗi, ya ce ai kwari ya fi mai shi tsawon rai, bai san hannun da zai faɗa ba.

Mutane kan ce roba da kayan kanti suka kashe dukanci. Game da takalmi gaskiya ne. Kwari kuwa dajin ne ya fara mutuwa. Gyaɗa ta ci saura da fako, gonaki suka haɗe tsakanin gari da gari. Fari na 1973 da 1974 ya zo ya kashe shanu ya kori namun da suka rage, gwamnati kuma ta rufe farauta a waɗannan shekaru. Na ga wani tsohon maharbi ya shigo zauren hannu rabbana, ya zauna ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce wani mai kaki ya tare shi a hanyar kasuwa ya karɓe baka da kwari, alhali ko zomo bai ɗauko ba. Kwarin na ubansa ne. Kaka ya ce zai ɗinka masa wani, mutumin ya ce a bari, me zai harba? A Jiratawa aka shigo da aikin noman rani na gwamnati da famfuna da magudanan siminti a farkon shekarun 1980, jikokin mahalba suka koma lambu. Yau in an ambaci garin, zogale ke zuwa ran mutum, buhu-buhu ana lodi zuwa Yamai. Ban ce sun yi asara ba. Zogale yana biyan kuɗin makaranta, abin da cinyar gada ba ta taɓa yi ba. Wa'azi ma ya yi nasa aikin, yaran da suka yi karatu suka fara jin kunyar ƙulle-ƙullen iyayensu, wasu suka ƙone su tare da kwarin da ke ɗauke da su.

Fatar ma ta yi tsada a garin da ya fi kowa fata. Dillalai suna bin mahauta tun kafin a yanka, mai kyau ta tafi masana'anta ko ta haye iyaka zuwa Kano, daga can zuwa Turai. Abin da ke isa hannun baduku shi ne wanda aka tsame, mai huda da tabon ƙaya. Fari na 1984 bai tarar da Kaka ba. Kawuna da ya gaje shi ya dawo Maraɗi ya kama rumfa, yana ɗinkin jakunkuna da matasai da layun ƴan kokowa, waɗanda har gobe ba su daina saye ba. Gumaguman iccen nan an bar su a Tibiri. Da na tambaya bayan shekaru, aka ce wata damina itacen girki ya yi wuya.

Abin da ban zata ba shi ne in ga baka ya dawo. Tun wajen 2019 da ƴan bindiga suka matsa wa Zamfara da Katsina da Sakkwato, dubban mutane suka tsallako jihar Maraɗi, ɓarnar kuma ta biyo su ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji, satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa. Talakan da ba shi da bindiga ya tuna da abin da ke rataye a ɗakin kakansa. Maƙera sun koma ƙera bakin kibiya, kuma akwai tsofaffin da ba su manta kwankwani ba. Cikin mutum huɗun nan, majemi da baduku ne ba a nema. Bututun roba na famfo ake yankewa, a ɗumama gindin a wuta a matse, a ɗaura igiyar buhu, a toshe baki da leda. Yana aiki, ba na musu. Ruwa ba ya shigarsa, gara ba ta cinsa, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Sai dai yana ƙara a kowane taku, kuma rana in ta gasa roba, gindin tsagewa yake yi ba sanarwa.

Wata Juma'a, ranar kasuwar Maraɗi, ina zaune a rumfar ɗan kawuna, wani saurayi daga ƙauyukan iyaka ya zo da irin wannan bututu, yana so a sa masa maratayi na fata don igiyar tana yanka masa kafaɗa. Ya miƙo shi da kibau a ciki, bakunansu baƙi ƙirin. Ɗan kawun nawa bai taɓa ɗinka kwari ba a rayuwarsa, ya miƙa hannu zai karɓa. Na ce a dakata, saurayin ya fita da su bayan rumfa tukuna. Muka kifa bututun muka duba, har an fara ganin haske ta gindin. Na kwatanta yadda ake yanka faifan da yadda ake jera su, muka aika yaro gidan mahauta neman guntun ƙirgi, ya dawo da na wuyan sa. Saurayin ya tsaya yana ciniki, wai shi maratayi kawai ya zo yi, jaka ɗaya ce a aljihunsa kuma da ita zai hau mota. Ɗan kawuna ya ce ya bar rabinta, ya dawo Litinin in fatar ta bushe.